Inna ta ce ba za ta hau jirgin da ba shi da laima ba

Assalamu alaikum Anti. Ni da yayyena mun daɗe muna tari har Allah Ya nufa muka biya wa mahaifiyarmu kujerar Makka. Da farko ta yi ta murna tana sa mana albarka. Sai dai yayanta, uwa ɗaya uba ɗaya, yana cikin alhazan da suka rasu a jirgin da ya faɗi a Jidda a 1991, kuma tun daga lokacin ko ƙarar jirgi ba ta son ji. Kwanan nan autanmu ya nuna mata wani bidiyo a waya, inda ɗakin fasinjoji ya rabu da jirgi ya sauko da laima lafiya lau. Ya ce mata Turawa sun san dabarar, son kuɗi ne ya hana kamfanoni sakawa. Tun ranar Inna ta ce in dai jirgin ba shi da irin wannan, a karɓo mana kuɗinmu. Yayyena sun ce mu lallaɓa ta mu ce mata akwai. Ni kuma tambayar ta tsaya min a rai: jirgin ruwa ma yana da ƙananan kwalekwale na ceto, me ya sa na sama ba shi da hanyar tsira? Kuma me zan yi da Inna?

Ƙanwarki daga Sakkwato

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya jiƙan kawunku da duk waɗanda suka rasu tare da shi. Ku kuma Allah Ya saka muku da alheri, Ya ba ku masu yi muku.

Kada ku ce wa Inna akwai. Na san yayyenki ba da mugun nufi suka kawo shawarar ba, so suke ta sauke farali, guminku kuma kada ya tafi a banza. Amma ki auna inda abin zai ƙare. Kafin jirgi ya tashi, ma'aikatansa za su tsaya a tsakanin kujeru su nuna ƙofofi, da bel, da rigar ruwa, da abin shaƙar iska. Inna za ta zuba ido tana jiran a zo kan laima, har a gama ba a zo ba. Za ta taɓa ta kusa da ita ta tambaya, a ce mata ai babu wannan. A lokacin an riga an rufe ƙofa, babu ko ɗayanku a kusa, ga tsohon tsoro ya dawo, ga sabon ciwo na cewa 'ya'yan cikinta ne suka yaudare ta. Sannan akwai dawowa, ita ma a jirgi za a yi ta, kuma duk abin da kuka faɗa mata a waya daga nan ba za ta ƙara gaskatawa ba. Gaskiya ta fi muku sauƙi, ba ta kuma da ban tsoro kamar yadda autanku ya ɗauka.

Irin bidiyon nan ya daɗe yana yawo a Facebook da WhatsApp. Wanda ya fi shahara wani injiniya ɗan ƙasar Yukren ne, Vladimir Tatarenko, ya fitar da shi, ya bazu a 2016. Zanen kwamfuta ne. Ba a ƙera jirgin ba, babu fasinja ko ɗaya a duniya da ya taɓa sauka ta wannan hanya. Ki fara faɗa wa autanku wannan, don na tabbata shi ma ɗauka ya yi wani abu ne da ake da shi a wata ƙasa aka hana mu.

Kin kawo misalin jirgin ruwa, kuma tambaya ce mai kyau. Jirgin ruwa yakan ba da lokaci. Titanic da ya nitse a 1912 ya ɗauki sama da awa biyu da rabi kafin ruwa ya haɗiye shi, shi ya sa kwalekwalen da aka samu suka yi amfani. Hatsarin jirgin sama kuwa yawanci ba a can ƙololuwa yake faruwa ba, inda mutum zai samu sarari ya yi shiri. Wajen tashi ne da wajen sauka, kusa da ƙasa, cikin daƙiƙoƙi. Ba sai mun je nesa ba, ki tuna waɗanda suka taɓa mu a nan Arewa. Jirgin alhazan da ya ƙone a Kano a watan Janairun 1973, aka rasa mutum 176, wajen sauka ne, tayoyinsa sun riga sun taɓa titi. Wanda ya faɗa kan gidaje a Gwammaja a watan Mayun 2002, tashinsa ke nan daga filin jirgin Malam Aminu Kano. Wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya rasu a ciki a watan Oktoban 2006, shi ma tashinsa ke nan daga Abuja zai nufi Sakkwato, iska mai ƙarfi ta gamu da shi. A dukkansu babu nisan da laima za ta samu ta buɗe, babu kuma lokacin da matuƙi zai yanke shawarar ya saki ɗakin fasinja. Laima tana son tazara mai yawa tsakaninta da ƙasa, in ba ta samu ba ƙyalle ce kawai.

Na kawunku ya fi kowanne buƙatar a tsaya a kansa, domin shi ne yake zuciyar Inna. Jirgin ya tashi daga Jidda da safiyar 11 ga Yuli, 1991, zai zo Sakkwato, da mutum 261 a ciki, babu wanda ya fita. Bincike ya gano cewa wasu tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, kuma an bar shi ya tashi a haka. Yana gudu a kan titi tayoyi biyu suka fashe, wurin ya kama da wuta. Matuƙan ba su san da wutar ba, saboda babu na'urar da za ta sanar da su zafi a wannan wurin. Da suka ɗaga sai suka naɗe tayoyin zuwa cikin jirgi kamar yadda aka saba, wutar ta bi su ciki, a ƙarƙashin inda fasinjoji suke zaune. Sun juya za su koma su sauka, saura 'yan kilomita su kai titi jirgin ya faɗi. Duka abin bai wuce minti goma ko kusa da haka ba. Da ɗakin fasinjojin yana rabuwa, da wutar zai rabu, domin ta riga ta ci ƙasansa. Abin da zai hana wannan musiba, a bisa sababi, yana ƙasa ne tun kafin a tashi: a auna taya, a cika mata iska, a ƙi sakin jirgi don gudun makara. Shi ya sa nake ganin duk mai jin zafin 1991, inda ya kamata ya sa ido shi ne kan gyaran jirage da binciken hukumomi.

To a can sama fa, idan jirgi ya daidaita? Jirgin alhazai yana tafiya ne a nisan ƙafa 35,000 ko fiye, wato sama da kilomita 10 daga ƙasa. Sanyin waje yakan kai digiri 50 ƙasa da sifili. Iskar wurin ta yi ƙaranci ƙwarai, mutumin da ba shi da abin shaƙa cikin rabin minti zuwa minti ɗaya hankalinsa zai gushe. Gudun jirgin kuma yana kusan kilomita 900 a awa. Ki tuna yadda iska take mayar miki da hannu baya idan kika fitar da shi ta tagar mota a hanyar Gusau direba yana gudun ɗari, sannan ki tuna wannan gudun ya ninka wancan sau takwas ko tara. Wanda ya fita ta ƙofar gefe a haka, iska za ta iya maka shi a jikin fiffike ko wutsiyar jirgin kafin ya tuna da laimar da ke bayansa.

Ƙofar ma ba ta buɗuwa. Ana hura iska a cikin jirgi don mutane su yi numfashi kamar suna ƙasa, sai matsin ciki ya fi na waje nesa ba kusa ba. Kowace murabba'in mita ta jikin ƙofar tana ɗauke da nauyin da ya haura tan 5, yana danne ta a mazauninta. Babu ƙaton da zai iya ja da wannan. Mutumin da duniya ta fi sani da ya yi tsalle daga jirgin fasinja da laima shi ne wanda ya yi fashin jirgi a Amurka a watan Nuwamban 1971, ake kiransa D.B. Cooper. Sai da ya tilasta wa matuƙa su yi ƙasa zuwa ƙafa 10,000, su rage gudu sosai, sannan ya bi ta wata matakala da irin wannan jirgin yake da ita a ƙarƙashin wutsiya. Mutum ɗaya ke nan, da shiri, jirgi lafiyarsa lau, kuma har yau babu wanda ya tabbatar ya kai ƙasa da rai. Yanzu ki kawo jirgin alhazai a ranki: mutum ɗari huɗu ko fiye, tsofaffi, masu ciwon ƙafa, waɗanda ba su taɓa ganin laima ba, jirgi yana tangal-tangal, a ce kowa ya ɗaura ya bi layi ya faɗa.

Sojoji suna da kujerar da take cilla matuƙi waje, gaskiya ne, ta kuma ceci dubban matuƙa. Amma roka ce a ƙarƙashin kujerar, rufin jirgi yake fashewa ta harba mutum sama da ƙarfin da ya ninka nauyin jikinsa fiye da sau goma. Samari ne majiya ƙarfi, da horo, da hular kwano, an ɗaure su tamau, duk da haka da yawansu sukan fito da rauni a ƙashin baya. An ma taɓa yin ainihin abin da autanku yake nufi: jirgin yaƙin Amurka mai suna F-111 yana da ɗakin matuƙa da yake rabuwa gaba ɗaya ya sauko da laima. Mutum biyu kacal yake ɗauka, kuma jiragen yaƙin da aka ƙera bayansa sun koma kan kujera saboda nauyi da wahalar kula da shi. Akwai kuma ƙananan jirage na kamfanin Cirrus da suke da laima guda mai sauko da jirgin dungurungum, tun ƙarshen shekarun 1990, kuma ta ceci sama da mutum ɗari biyu. Yawancinsu jiragen mutum huɗu ko biyar ne, nauyinsu bai kai tan 2 ba. Boeing 747, irin wanda aka daɗe ana jigilar alhazanmu da shi, idan ya cika yana kusan tan 400.

Ba zan ce miki kuɗi ba ya cikin lissafin ba, yana ciki. Laimomi da rokoki da ƙarafan da za su riƙe ɗaki mai rabuwa nauyi ne, nauyi kuma mai ne, kujeru su ragu, tikiti ya yi tsada. Amma ko da kyauta za a saka shi, akwai abin da ya fi kuɗin damun injiniyoyi. Jikin jirgi ƙarfinsa yana cikin kasancewarsa abu ɗaya. Duk inda aka yi mahaɗar da za ta iya kwancewa da gangan, an yi wurin da zai iya kwancewa bisa kuskure, ko ya tsage da tsufa, ko wani mugu ya kwance shi. Jirage miliyoyi suke tashi a shekara. Abin da zai yi amfani sau ɗaya a shekaru masu yawa, amma ya ƙara haɗari a kowane tashi, zai kashe fiye da waɗanda zai ceta. Sannan idan ɗakin ya rabu, ragowar jirgin da fukafukansa cike da mai kan wa zai faɗa? Mutanen Gwammaja da suka rasu suna zaune ne a gidajensu.

Akwai 'yan lokuta da mutum zai ce da ma akwai. A 1985 wani jirgin Japan ya yi kusan rabin awa a sama matuƙa ba sa iya sarrafa shi, kafin ya bugi dutse, mutum 520 suka rasu. Irin wannan ba ya yawa, kuma shi ma da aka bi diddigi, wani gyara ne da aka yi ba daidai ba shekaru kafin nan.

Saboda haka masu ƙera jirgi suka zuba ƙarfinsu a wani wajen: jirgin kansa ya kai ƙasa, mutane su fita da sauri. Mutane da yawa suna zaton idan inji ya mutu jirgi faɗowa yake kamar an sake shi. Ba haka ba ne. Jirgi mai inji biyu an ƙera shi ya iya tashi ya sauka da guda. Ko duka suka mutu, fukafukai suna nan, yakan yi ta shawagi yana sauka a hankali. A watan Agustan 2001 wani jirgin Kanada mai mutum 306 mai ya ƙare masa a tsakiyar tekun Atlantika, ya yi tafiyar sama da kilomita 100 babu inji, ya sauka a wani tsibiri, ba a rasa rai ba. A watan Janairun 2009 tsuntsaye suka kashe injina biyu na wani jirgi jim kaɗan da tashinsa daga New York, matuƙinsa Chesley Sullenberger ya kwantar da shi a kan kogin Hudson, mutum 155 duk suka fita.

Kafin a ba kowane babban jirgi izinin ɗaukar fasinja, sai an nuna cewa za a iya kwashe kowa cikin daƙiƙa 90, da rabin ƙofofin a rufe. Da aka gwada Airbus A380 a Jamus a 2006, mutum 873 suka fita cikin daƙiƙa 78, a cikin duhu. Kowace ƙofa tana da matakalar roba a naɗe, da an buɗe ta a halin gaggawa sai ta hura kanta mutane su zame a kai, a jiragen da suke ƙetare teku kuma yawancinsu su ne suke zama kwalekwale. Kin ga ke nan kwalekwalen da kika tambaya akwai su. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta duba haɗurran jiragen fasinjan ƙasar daga 1983 zuwa 2000, ta samu cewa sama da kashi 95 cikin ɗari na mutanen da ke cikinsu sun rayu.

Abubuwa biyu nake so ki ajiye kusa da juna. A watan Agustan 1980 wuta ta tashi a wani jirgin Saudiyya bayan ya bar Riyad. Matuƙin ya koma ya sauka lafiya, amma aka yi jinkirin tsayawa da buɗe ƙofofi, hayaƙi ya kashe duk mutum 301 da ke ciki, jirgin yana tsaye a ƙasa. A ranar 2 ga Janairu, 2024, wani jirgin Japan ya yi karo da ƙaramin jirgi wajen sauka a Tokyo, ya kama da wuta har ya ƙone ƙurmus. Mutum 379 ne a ciki, dukkansu suka fita da rai. Ma'aikatan sun buɗe ƙofofin da wuta ba ta kai ba, fasinjojin sun saurari umarni, sun bar jakunkunansu. Tsakanin waɗannan biyun akwai shekaru arba'in da wani abu na darussan da aka koya da rayukan mutane, har da na Jidda.

Yanzu mu dawo kan Inna, domin duk wannan bayanin ke na yi wa, ba ita ba. Kada ki je ki zazzage mata shi. Za ki iya ce mata a 2023 an yi tashin jirage sama da miliyan 30 a duniya ba tare da babban jirgin fasinja mai injin jet ko ɗaya ya yi hatsarin da ya ci rai ba, alhali hanyoyin Najeriya kaɗai suna cin sama da mutum 5,000 a shekara. Za ta gyaɗa kai, tsoron yana nan inda yake. A ganina ba laima Inna take nema ba. Yayanta ya tafi ta wannan hanyar, ta yi masa rakiya ko ta yi masa addu'ar sauka lafiya, ta shirya tarbarsa, bai dawo ba. Yanzu an ce ta bi sawunsa, ta sauka a garin da abin ya faru. Bidiyon autanku ya ba ta dalilin da za ta iya furtawa ne kawai.

Ki samu lokacin da babu kowa, bayan sallar isha'i ko da hantsi idan gida ya yi shiru, ki zauna kusa da ita. Kada ki fara da maganar kujera. Ki ce, "Inna, ba ni labarin Kawu." Yadda ya yi sallama, wa ya kawo labarin, yadda aka yi zaman makoki. Mai yiwuwa shekara talatin da wani abu babu wanda ya tambaye ta wannan, kowa "sai haƙuri" yake ce mata. Idan ta yi kuka ki bar ta ta yi, kada ki yi saurin rarrashi. Sai wata rana daban, idan ta tambaya, ki faɗa mata abin da ya jawo hatsarin a taƙaice, cewa taya ce da sakaci, kuma laima ba za ta hana ba. Kada ki ce mata babu abin da zai faru, wannan ba a hannunki yake ba, ita ma ta sani. Ki ce mata abin da kika tabbatar: ajali ba ya jiran jirgi, dubban alhazai suna zuwa suna dawowa duk shekara, kuma ba za ku tilasta mata ba.

Maganarki ba za ta kai ta sa'arta nauyi ba. Ki nemo wata dattijuwa da Inna take ganin girmanta, wadda ta je ta dawo, musamman wadda ita ma ta ji tsoro a karon farko, ta zo su yi hira. A wajen bita kuma ku nemo wata maniyyaciya daga unguwarku ko ƙaramar hukumarku da za su kasance jirgi ɗaya, ku roƙi jami'in alhazai ya taimaka su zauna kusa. Ku kai ta wajen likita tun da wuri ya duba jininta da zuciyarta, ku faɗa masa maganar tsoron a fili. Kada wani ya sayo mata maganin barci a kemis ya ce ta sha kafin tashi.

Abin da ya fi firgita sabon shiga shi ne ƙarar da bai san dalilinta ba, don haka a faɗa mata tun a gida. Da an ɗaga za ta ji wani "gum" a ƙarƙashin ƙafarta, tayoyi ne suke shigewa. Ga Inna wannan ƙarar tana da nauyi na musamman idan ta san labarin Jidda, shi ya sa ya fi kyau ta ji daga bakinki cewa kowane jirgi yana yin ta. Bayan ɗan lokaci ƙarar inji za ta ragu kamar an kashe shi, matuƙi ne ya sassauta. Kunnenta zai toshe, ta haɗiyi yawu ko ta yi hamma. Jirgi zai iya shiga gargada ya yi ta girgiza, kofuna su motsa, wannan iska ce, an ƙera shi ya jure abin da ya fi haka.

Sannan ku ba ta abin da za ta riƙe a hannunta, domin mai tsoro ya fi samun natsuwa idan ya san akwai aikin da yake nasa. Bel ɗin jirgi ba irin na mota ba ne, ba a danna shi, murfin ƙarfen ake ɗagawa. Ta ɗaura ta kwance sau biyu ko uku da zarar ta zauna, har hannunta ya saba, kuma ta bar shi a ɗaure muddin tana zaune, ko barci take. A 1988 wani ɓangare na rufin wani jirgi ya yaye a sama a Hawai, fasinjojin da suke ɗaure da bel duk sun sauka da rai. Ta duba ƙofar da ta fi kusa da ita, ko da a bayanta take, ta ƙirga layukan kujerun da ke tsakani, saboda hayaƙi yana hana gani. Idan abin shaƙar iska ya sauko daga sama, ta jawo shi ta rufe hanci da baki nan take kafin ta taimaki kowa, matuƙi zai yi ƙasa da jirgin zuwa inda ake numfashi. Rigar ruwa kuma ba a hura ta sai an kai bakin ƙofa. A 1996 wani jirgin Habasha da Legas tana cikin zangonsa ya faɗa teku kusa da tsibiran Komoros bayan 'yan fashi sun karkatar da shi, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka rasu sun hura rigunansu ne tun suna ciki, ruwa ya ɗaga su ya danne a rufi suka kasa fita.

Maganar jaka ita ce na fi so ki nanata mata, don na san halin iyayenmu da kayansu. In an ce a fita, a fita hannu rabbana. Fasfo da guzuri da magani su kasance a 'yar jakar da ke rataye a jikinta, sauran kuwa, ko dabino ne ko tsarabar jikoki, a bar su. Wanda ya tsaya buɗe ma'ajiyar sama ya tare wa duk na bayansa hanya.

Idan bayan duk wannan Inna ta ce har yanzu zuciyarta ba ta kwanta ba, ku ƙyale ta. Kada wani ya yi mata gorin kuɗi, kada a ce mata imaninta ne ya yi rauni. Matsayin faralin a kanta a irin wannan hali tambaya ce ta malamai, ku kai wa malamin da ta yarda da shi, ta ji da kunnenta. Ke kuma tun yanzu, kafin a rufe komai, ki je ofishin hukumar alhazai ta jiha ki tambayi ƙa'idarsu kan ɗage kujera zuwa baɗi ko mayar da kuɗi, da ranar da za a daina karɓar irin wannan buƙata, don kada ku yanke shawara cikin matsi. In kuma da hali a cikinku, ko ba bana ba, wani ya yi shirin tafiya tare da ita. Tsohuwar da ta ƙi hawa ita kaɗai takan hau idan ɗanta yana kujerar kusa.

Autanku kuma a ja shi gefe a yi masa bayani ba tare da faɗa ba. Shi ya kawo bidiyon, zai fi kyau shi ya koma da kansa ya ce, "Inna, na bincika, ashe zane ne."

Ki gaishe min da ita ƙwarai.